Sai Rana Ta Faɗi

Mutumin da na yi wa Allah ya isa shi ne ya koya mini karatu. Gara in faɗi haka tun da fari, kada wani ya ce na ɓoye alherinsa. Ban ɓoye ba. Abin da ya daɗe yana ci mini rai ma shi ne, ko addu'ar da nake roƙon Allah ya karya shi da ita, a bakinsa na koye ta.

Ƙauyenmu yana gabas da Gwaram, 'yan gidajen Maguzawa ne a gindin dutse, kewaye da garuruwan Musulmi da rugagen Fulani. Kasuwarmu ɗaya da su, rijiyarmu ɗaya idan rani ya yi tsanani. Ina 'yar budurwa, gab da a ba ƙasa mulkin kai, wani mutuminmu ya dawo daga jinyar gyambo a wani asibitin mishan mai nisa. Ya dawo da lafiyayyar ƙafa da sabuwar bangaskiya. Ya fasa tulunan giyarsa a bainar jama'a, ya kafa rumfa da karan dawa, ya ce daga yau nan ne majami'a. Mu 'yan mata don kallo muka fara zuwa, sai waƙa ta riƙe mu, daga waƙa sai karatu. Da tsinke yake zana mana baƙaƙe a ƙasa, wanda ya kuskure ya sha harara. Shi ya tsaya mini ranar da aka yi mini baftisma a kogi, ya riƙe mini zane a bakin gaɓa kamar uba. A bayan idonsa Dattijo muke ce masa, don shi ne dattijon ikkilisiya, wato taron masu bi. A gabansa kuwa Baba.

Shi ne kuma ya tsaya a aurena. Mijina mai bishara ne, wato wanda yake zagaya ƙauyuka da wa'azi, sauran kwanaki kuma yana gonarsa kamar kowa. Mutum ne mai sanyi har ya yi yawa. Ko akuyar wani ce ta shiga gonarsa, sai ya yi mata magana da lallashi kafin ya kore ta. Yana son waƙa, muryar kuwa babu, in ya ɗaga ta a sujada, wato ibadarmu ta majami'a, sai mata su sunkuyar da kai suna taɓa juna. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, shi ya sa mutane suke cewa an haɗa daidai. Muka haifi 'ya'ya biyu, muna zamanmu lafiya.

Dattijo mutum ne mai magana ɗaya. In ya ce, ya ce. Wannan ne ya sa muka bi shi, don a shekarun farin nan da dawa ta bushe a tsaye, ya ce ba wanda zai kwana da yunwa muddin akwai ƙwaya a rumbunsa, ya kuwa buɗe shi ga Kirista da Musulmi da Bamaguje har ya ga ƙasansa. Ban taɓa tunanin halin da ya ciyar da mu shi ne zai zo ya cinye ni ba.

Bayan fari ya wuce, an bar fam an koma naira, kuɗin mai suka fara zagayowa har wajenmu. Aka shiga gine-gine, hatsi ya yi daraja, Dattijo ya sayar da shanunsa ya sayo akori-kura ta hannu, yana dakon buhuna tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Ita kaɗai ce mota a duk yankinmu, shi kaɗai ne kuma ya iya tuƙi. Ya sa aka rubuta mata a goshi da jan fenti: Dogara ga Allah. Ranar da ya kawo ta ya tsaya a gaban ikkilisiya ya yi wa'adi, ya ce Allah ne ya ba shi, saboda haka tayarta ba za ta taɓa juyawa ran Lahadi ba, ko da za a cika masa bayanta da kuɗi. Kowace Lahadi da safe sai ya ajiye mabuɗin a kan tebur, kusa da ƙwaryar baiko da muke zuba sadaka a ciki, ba zai ɗauka ba sai rana ta faɗi. A lissafinmu ai da faɗuwar rana Lahadi ta ƙare, daren Litinin ya shiga. Mata muka rangaɗa guɗa ranar da ya yi wannan wa'adi, kuma ni ce na fi kowa ɗaga murya.

Da kaka abin ya faru. Ran wata Lahadi da sassafe mijina ya je ɗauko wa awaki harawa, ya sa hannu a ƙarƙashin dami, kububuwa ta sare shi. Muka ɗaure, muka tsaga, muka ɗora dutsen maciji, duk abin da aka sani muka yi. Da hantsi ya tofar da yawu na ga ja. Na buɗe bakinsa, jini yana tsattsafowa ta dasashi. A wajenmu ko yaro ya san in saran kububuwa ya kai nan, sai allurar babban asibitin Birnin Kudu.

Na fita a guje ko ɗankwali babu. Na tarar ana tsakiyar waƙa, na ratsa ta cikin maza na zube a gaban Dattijo. Mabuɗin yana kan tebur, in na miƙa hannu zan taɓa shi.

Na ce, "Baba, kububuwa ce, jini ya fara fito masa ta baki. Ka ɗauki mabuɗin nan."

Ya dubi mabuɗin, ya dubi jama'a. Na ga gumi a goshinsa, wannan ba zan hana shi ba. Sannan ya ce, "'Yata, na yi wa Allah wa'adi a gaban mutanen nan. Ki dogara gare shi. Ki bari rana ta faɗi, ni da kaina zan kai shi."

Na tuna masa cewa shi da bakinsa ya koya mana Ubangiji ya warkar da marasa lafiya a ranar hutu, har ya tsawata wa waɗanda suka ga laifinsa. Ya ce gaskiya ne, amma Ubangiji bai nemi mota ba kafin ya warkar, yau ma ba ya bukatarta. Ya tashi ya ja ikkilisiya duka zuwa gidanmu, suka cika tsakar gida da addu'a, mijina yana kwance yana haɗiyar jininsa yana ƙoƙarin cewa amin. Mabuɗi kuwa yana can kan tebur shi da ƙwaryar baiko.

Wani Malam ne daga garin da ke kusa, manomi, yana wucewa da jakinsa, ya ji hayaniya ya leƙo. Bai tambayi wace rana ce ba. Ya sauke kayansa a ƙofar gidanmu, muka ɗora mijina, shi yana ja ni ina tallafe. Sai azahar muka kai tashar Gwaram. Muka zauna a gindin wata ɗorawa muna jiran abin hawa, ina korar ƙuda daga bakinsa, har la'asar sannan wata motar gyaɗa ta tausaya mana. Muna shiga Birnin Kudu rana tana faɗuwa. Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, ban da abin da zan ce da su sai godiya. Wata babba a cikinsu ce ta dube shi ta ce a hankali, da da safe aka kawo shi. Washegari da hantsi ya cika.

Dattijo bai saɓa magana ba, rana tana faɗuwa ya taso, ya iske mu a asibiti. Motar tasa ce ta kai gawar gida ran Litinin, tana tafiya sumul ba ko tari.

Ko a nan da zan iya haɗiyewa, ina ji. Amma Lahadin da ta zagayo, ina zaune a cikin mata da idanu a kumbure, sai na ga ya shigo ya nufi tebur, ya ajiye mabuɗin nan a inda ya saba, har da gyara masa zama. Ban san lokacin da na miƙe ba. Mu masu bi an hana mu yin Allah ya isa, Dattijon ne ma ya hana, ya ce maganar da ba ta dace da bakin wanda aka gafarta wa ba ce. Shi ya sa na zaɓe ta.

Na ce, "Baba, Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba, duniya da lahira."

Kowa ya juya ya dubi Dattijo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, 'yata." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuwa na ɗauke shi a matsayin raini.

Ban ƙara Lahadi a ƙauyen ba. Na kwashi 'ya'yana na koma Birnin Kudu, na kama ɗaki, na kafa kasko a ƙofar asibitin nan ina sayar da ƙosai da kunu ga masu jinya. Kusa da ni akwai wata Inna mai fura da take zuwa daga Yalwan Damai, Musulma, ta girme ni, ba ta da yawan magana. Ita take riƙe mini ƙaramar 'yata in ciniki ya yi yawa. Akwai 'yar majami'a a bayan tasha, ta ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa mutanen kudu da mu Hausawa kaɗan, can nake zuwa. Amma akwai addu'ar nan da muke yi tare kowace Lahadi, wadda a cikinta muke roƙon a gafarta mana kamar yadda mu ma muke yi wa wasu. In an zo wurin sai in tsuke bakina, in jira a wuce, in kama daga gaba. In an kawo Jibin Ubangiji, gurasar nan da masu bi suke ci tare, in miƙa faranti ga ta kusa da ni. Fasto ya kira ni ya yi nasiha har ya gaji. Na ce masa ni dai ba zan yi wa Allah ƙarya a cikin ɗakinsa ba, duk abin da za a ɗora mini ban da wannan.

Sai na zauna jiran Allah ya yi aikinsa. Ba jiran zuba ido nake ba, kullum ina tuna masa, har ina ba shi shawara. Na roƙa taya ta fashe a kan gada. Na roƙa injin ya kama da wuta. Na roƙa gara ta shiga rumbunsa, ciwo ya shiga ƙafar nan da aka taɓa warkar masa. Wani lokaci ina cikin juya ƙosai sai in ga ina tsara yadda za a zo a ba ni labari, da irin fuskar da zan yi, da abin da zan ce. Titin kuwa a gabana yake. Duk ranar kasuwa sai motar ta wuce ta gaban kaskona da lodi har sama, jan rubutun nan yana kallona. In ya hango ni sai ya rage gudu ya ɗaga hannu, ni kuma in tofar da yawu a gefe yadda zai gani.

Allah kuwa kamar da gayya. Dattijo ya rufe gidansa da kwano. Ya gina majami'ar ƙauye da bulo. Ya aurar da 'ya'yansa mata, babban ɗansa ya koyi tuƙi. Wata damina labari ya zo tasha cewa akori-kurar nan ta kife da buhunan gero a wani kwazazzabo kafin garin Sara. Ranar kyauta na raba sauran ƙosaina, na ce kowa ya ci, mutane suna ta sa mini albarka ba su san dalili ba. Kafin yamma sauran labarin ya iso: ya fito ko ƙwarzane babu, motar ma an tayar da ita, gilashi kawai ya fashe. Aka ce ran Lahadi har ya tsaya ya ba da shaida a kan amincin Allah.

Daga nan fushina ya tashi daga kan Dattijo ya hau sama. Na fara tunanin ko dai shi ne mai gaskiya, Allah ya fi son mabuɗi a kan tebur da ran mijina. In kuwa haka ne, me nake yi a ɗakinsa? Wata rana kuma sai in ce ƙila ba mai ji ma, rumfar kara ce kawai muka shiga muna 'yan mata aka ruɗe mu da waƙa. Wannan tunanin ya fi ba ni tsoro, don in ba mai ji, to Allah ya isata ta faɗi a ƙasa ke nan, ba wanda ya ɗauka. Daminar nan gaba ɗaya ban taka majami'a ba. Ina tura yara, ni in zauna ina tsince wake.

A cikin wannan hali gwaggona ta zo ganin likitan ido ta sauka a wurina. Ita ba ta taɓa barin addinin iyayenmu ba. Ta saurare ni har na gama, ta yi dariya ta ce wannan Allahn naku ai ya fi kotu jan ƙafa. Ta ce tsohuwar tsamiyar nan ta bayan dutse tana nan, mai kula da ita ma yana nan, baƙin zakara kawai ake kaiwa a ambaci sunan mutum, ba a kaiwa kaka biyu. Na sayi zakaran, ba zan ce ban saya ba. Na ɗaure shi a bayan ɗaki yana ta cara yana cinye mini tsaki, kullum in ce gobe. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, kada in yi wa kaina ado. Na zauna ne na yi tunani, in tsamiya ce ta kayar da Dattijo, zai mutu yana ganin shi mai gaskiya ne da matsafa suka cuta. Ni kuwa so nake Allahn da ya yi wa wa'adin, shi ɗin dai, ya buge shi da hannunsa, ya san daga inda bugun ya fito. Na yanka zakaran na yi wa yara farfesu, Lahadi na koma majami'a na zauna a bencin baya, na ce wa Allah na dawo, kuma ina nan a kan bakana.

Inna mai fura ta san labarin duka, don ba ranar da ba ta ji wani yanki. Sau ɗaya ta taɓa tanka mini. Motar ta wuce, na yi tofin da na saba, sai ta ce ba ta ɗago daga damunta ba, "Ke kuwa kin kai ƙara, kin kuma haye kujerar alƙali. Wanda ya ce Allah ya isa ai tashi yake ya ba shi wuri." Na ce mata ta ji da furarta. Na yi kwanaki ba na gaishe ta, ita kuwa ta ci gaba da goya mini 'ya kamar ba a yi ba.

Shekarar da soja suke shirin miƙa mulki, motoci suna yawo da tutocin jam'iyyu, wata Lahadi na taso daga sujada na hura wuta, don masu jinya ba su san Lahadi ba. Rana ta kusa tsakiya sai na ji ƙarar injin da ko a mafarki na san shi. Na ɗaga kai. Akori-kurar ce, ta tsufa, jan fentin ya koɗe, ta karyo kwana ta shiga ƙofar asibiti a guje. Ɗansa ne a kan sitiyari. A baya, a kan katifa, Dattijo ne kwance, matarsa tana riƙe da kansa.

Na tambayi Inna mai fura, yau wace rana ce? Ta ce Lahadi. Na ce ta sake faɗa. Sai na fashe da dariya har na dafa ƙasa, mutane suna juyowa. Daɗin da na ji a wannan lokaci ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena. Na ce wa Allah ashe kana ji. Ashe ajiye mini kake yi sai ya nuna.

Bayan azahar matarsa ta fito. Mama muke ce mata tun muna yara, mace ce mai haƙuri wadda ban taɓa samun abin riƙewa a kanta ba. Ta zo har gaban kaskona ta durƙusa, tsohuwa da ita, a gaban masu sayen ƙosai. Ta ce a majami'a abin ya same shi, yana ajiye mabuɗi ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Da za a ɗauke shi ya ƙanƙame ƙafar tebur da hannu mai lafiyar, sai da ɗansa ya ɓamɓare yatsun da ƙarfi. Ta ce tun ranar da aka binne mijina ya tara su ya gargaɗe su, in ciwo ya kama shi ran Lahadi kada wanda ya sa shi a motar nan, tunda ba ta ɗauki wancan ba, shi ma ba za ta ɗauke shi ba. Ta ce shekarun nan duka maganata tana kansa, ko abinci yake ci in aka ambace ni sai ya tsame hannu. Likita ya ce a kira na kira, ba zai daɗe ba. Ta roƙe ni in zo in sauke masa.

Kada a ɗauka zuciyata ta yi laushi. Cewa na yi a raina, duk shekarun nan da yake da baki me ya hana shi tsayar da mota ya tako nan ya faɗa? Ɗaga hannu ya iya. Na ce mata ta je ina zuwa. Na koma ɗaki na canza zane, na ɗaura ɗankwalina na zuwa biki, sannan na shiga.

Na same shi a gadon ƙarshe kusa da taga. Mutumin da muryarsa take cika rumfa ya koma ɗan tsurut, yawu yana bin gefen bakinsa. Ido ɗaya ne yake motsi sosai, da shi ya bi ni har na tsaya a kansa.

Na ce, "Baba, ka san yau wace rana ce?"

Idon ya cika da ruwa. Ya san ranar.

Na ce, "A mota ka zo, Baba. Na gan ka. Tayar tana juyawa lafiya lau."

Ya shiga kokawa da harshensa. Abin da yake fitowa kawai shi ne ya, ya, ya. Har yau ban sani ba ko 'yata yake son cewa ko yafe. Mama ta kama gefen zanena tana kuka ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ki dubi Allah, 'yar nan. Kalma ɗaya ce. Ki ce kin yafe ya samu ya tafi da sauƙi."

Na dubi taga. Rana tana sama, ko karkata ba ta gama yi ba. Maganar ta zo mini a shirye kamar tun tuni aka dafa ta aka rufe.

Na ce, "Mama, ki dogara ga Allah. Ki bari rana ta faɗi."

Na zare zanena daga hannunta na fita, ina jin idon nan a bayana har ƙofa.

Na koma kan kaskona ina jin kaina wasai. Zan faɗi wani abu kuma, wanda ya so ya yarda. Na yi niyyar komawa. Na ɗebi kunun tsamiya mai kyau na rufe a kwano na ajiye gefe, don na san shi yake so, na ce rana tana faɗuwa zan shiga in ba shi a baki in ce na yafe. So nake kawai ya ɗanɗana yinin nan, ya kwanta yana kallon rana ta taga yana roƙonta ta yi sauri, yadda na yi a gindin ɗorawa. A ganina ban nemi fiye da haƙƙina ba.

La'asar ta yi, masu salla suka shimfiɗa buzu a gindin bango suka idar. Ba a daɗe ba na ji kukan Mama daga ciki. Na san muryarta. Na ɗaga kai na dubi rana, tana nan tsaye a kan duwatsu, da sauranta da yawa. Inna mai fura ta yi salati, ta karɓi matsamin daga hannuna don ƙosan yana ƙonewa.

Aka naɗe shi aka fito da shi, ana sauri a kai shi gida a binne. Ina tsaye kamar an dasa ni, sai Mama ta aiko ɗanta ya ce tana kira. Na ɗauka zagi ne, na kuwa shirya karɓa. Sai ta ce ba wata mace a tare da ita, in zo in zauna kusa da ita a baya, ba za ta iya riƙe shi ita kaɗai ba. Na hau motar da na yi shekaru ina roƙon ta ƙone.

An zuba wa hanyar kwalta a lokacin. Kafin in gyara zama mun wuce Sara, kafin in share fuska ga tashar Gwaram, ga ɗorawar nan tana nan yadda na bar ta. Ashe tafiyar ke nan duka. Wani sabon fushi ya taso mini, na dubi gawar na ji kamar in girgiza ta. Har gobe ina cewa bai kyauta ba, kuma ba wa'adin da ya kai ran mutum. Amma ina zaune gwiwata tana taɓa ƙafarsa, na san abin da na yi da yinin nan. An durƙusa a gabana an roƙe ni abin da yake hannuna, abin da in na miƙa hannu zan taɓa, na ce a jira rana. Karatun da ya koya mini na haddace shi tsaf har da wannan. Yanzu kuma ba shi da bakin roƙo, ni ba ni da wanda zan sauke wa. In akwai wanda zai iya raba wannan shari'a ya kuma bar wani a tsaye a cikinmu, to ba ni ba ce.

Ban san a fili na faɗa ba sai da na ji muryata. Na ce, "Allah ya isa."

Mama ta zabura ta dube ni. Ta ce, "Haba 'yar nan, har yanzu?"

Na ce, "Ba waccan ba, Mama. Ya ishe shi, ya ishe ni. Ni ce ban isa ba."

Ta matso kusa da ni. Sannan ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙirjinsa, ta danne da nata, motar tana girgiza mu mu uku. Tun daga Lahadin da ta biyo baya nake buɗe baki a wurin nan na addu'a da nake tsallakewa, ko da yake akwai ranakun da sai na jawo kalmomin da ƙarfi kamar guga daga rijiyar rani, akwai kuma ranakun da nake faɗa ina harara. Ina dai faɗa, in bar wa mai ji sauran.

Da muka bar kwalta muka kama hanyar ƙauye, dutsenmu ya bayyana, na sunkuya daidai inda kunnensa yake a cikin likkafani na ce, Baba, na yafe. Na ɗaga kai na duba, ranar tana nan ba ta faɗi ba.